Gaɗa a Gindin Durumi

Ranar da muka sauka a gidan Gwaggo, a wani ƙauye da ke gefen Sandamu, abin da na fara nema tsumma ne. Gwaggo ƙanwar mahaifin maigidana ce, tsohuwa mai ƙarfin murya, wadda in ta yi dariya sai kajin gidan sun watse. Ta ba mu ɗaki da rumfa, ta auno mana gero, ta nuna mini inda turmi yake. Na ɗauko wani tsohon zane na ninka shi, na shimfiɗa a ƙasa, na ɗora turmin a kai, sannan na soma surfe a hankali, ina sauke taɓarya kamar mai tsoron kada ta fashe.

Gwaggo ta tsaya tana kallona, hannunta a ƙugu.

"'Yar nan, turmin nawa sanyi yake ji ne kika yi masa shimfiɗa?"

Sai a lokacin na lura da abin da na yi. Na gaya mata yadda abin yake. Garinmu can yamma yake, a bakin daji, kuma shekarun da ɓarayin daji suka yi suna shigo mana sun koya mana shiru. Ƙarar daka tana nuna akwai mutane, akwai hatsi. Shi ya sa muke sa tsumma. Zakaru ma mun yanke su saboda cara. Amarya da rana ake kai ta, ba guɗa, ba kiɗa, kamar za a je dubiya. Yara kuwa abu ɗaya muka dasa musu a kai: in kun ji babura da yawa, ku rufe baki, ku kwanta a inda kuke, kada ku tashi sai an kira ku.

Gwaggo ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta ce a nan in yi daka har maƙwabta su leƙo su yi ƙorafi. Na ce to. Washegari na sake shimfiɗa tsummana. Kafin mako ya zagayo labarin ya gama unguwa, don Gwaggo ba ta iya riƙe abu mai daɗin faɗa, har matan da ban taɓa gani ba suna tambayata ya mai jiki, wai turmi.

Ba turmin ne damuwata ba. Damuwata 'yata ce ta fari. Ina ƙarama na haife ta, har yanzu in muna tafiya tare wasu ƙanwata suke zato. Kamar yadda aka saba, tun da aka yaye ta kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta, ni kuwa na bi kunyar 'yar fari yadda na ga uwata ta yi. Ban taɓa kama sunanta ba. "Ke" nake ce mata, ko in ce wa ƙanwarta ta je ta kira mini yayarta. Ba na ɗaukarta a gaban mutane, ba na yabonta, ba na nuna na damu da ita. A garinmu wannan bai yi mini wuya ba, tunda tana ɗakin kakarta, da wutsiyar ido nake ganinta. Amma da muka watse, kakar ta bi wani ɗanta zuwa birni, yarinya ta dawo hannuna, ta kusa fara zama budurwa.

Sai na shiga tsaka mai wuya. Tsoro yana ce mini kada ki bari ta ɓace miki da gani. Kunya tana ce mini kada a ga kina dubanta. Ba ni da halin tsayawa a ƙofar gida ina ƙwala mata kira kamar sauran iyaye. Don haka na ƙirƙiro aiki. Da la'asar ta yi sai in zube mata wake ta tsince, ko da an tsince shi jiya. In ta gama in ce ta tsefe wa ƙanwarta kai. In ta gama in ce waken nan kamar akwai sauran tsakuwa.

La'asar nake tsoro saboda lokacin gaɗa ne. 'Yan matan garin suna taruwa a dandali, can ƙarshen gari wajen hanyar mota, su yi ta yi har a kira magariba. Su tsaya rabin da'ira suna tafi, ɗaya tana ba da waƙa, saura suna amshi. Kowacce in layi ya zo kanta sai ta fito tsakiya ta taka, sannan ta juya musu baya ta saki jiki ta faɗo, su kuma su cafe ta su cilla ta ta dira a kan ƙafafunta. In iska ta juyo, tafin nasu yana iso mana sama-sama. Ina ganin yadda yarinyar nan take tsayar da hannu a cikin wake, kanta a karkace, leɓenta yana motsi. Ta kama waƙoƙin kaf ta kan katanga, ba ta taɓa ganin inda ake yin su ba.

Ba ni kaɗai ba ce. Akwai gidaje da dama a unguwar da suka sauki mutanenmu, kuma kowacce uwa ta ɗaure 'yarta a gindinta da irin nata waken. Yaranmu mata sun girma ba su san wasa mai ƙara ba. In suna wasa a tsakar gida sai ka rantse kurame ne.

'Yar tawa ta fara roƙon ubanta ya bar ta ta je gaɗa. Shi lokacin yana aikin girbi a gonakin mutane, ranar kasuwa kuma yana taya wani mai sayar da dabbobi a kara. Ya ce shi bai hana ba, ta tambayi uwarta. Ta bi ta kan Gwaggo. Gwaggo ta zo ta zauna ta yi mini dogon wa'azi a kan cewa tsiro ba ya girma a ƙarƙashin kwando. Na saurara da ladabi, na ce Allah ya ƙara girma, na ƙara auno wake.

Rannan yarinyar tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Inna, me ya sa kike bari na je makaranta?"

Makarantar tana bayan gidanmu ne, katanga ɗaya ta raba mu da filinta. Na ce saboda ina jin ku mana, ina jin karatunku daga nan.

"To in kina jin mu, shi ke nan?"

Na ci gaba da aikina. Na ɗauka magana ce ta yara. Ashe ita shirun nawa ta ɗauka a matsayin izini.

Mai ba da waƙa a dandali a lokacin jikar Gwaggo ce, budurwa doguwa mai fara'a, an riga an sa ranar aurenta bayan kaka. Wurinta yarinyar nan ta fara zuwa. Ban san me ta ce mata ba, na dai ga sun yi ta ƙus-ƙus a bakin murhu. Abin da take so shi ne a ɗauko gaɗa daga dandali a kawo ta gindin wani babban durumi da ke tsakiyar gidajen da muke zaune. Wurin na wani dattijo ne, yana ɗaure awakinsa a nan yana jibge harawa. Su biyu suka je suka durƙusa masa. Daga baya matarsa ta ba ni labari, ta ce ya tambayi yarinyar 'yar wace ce, da ta faɗa sai ya ce a'a, 'yar mai shimfiɗa wa turmi, ai dole a ba ki. Ya matsar da turakunsa gefe, ya ce sharaɗinsa ɗaya, su riƙa share wurin, kuma kada ya ga wata a kan harawarsa.

'Yan matan gari ba duka suka so ba. Wasu sun ce dandali ya fi, can ake ganin masu wucewa, can samari suke tsayawa da kekunansu. Jikar Gwaggo ta ce wadda samari suka kawo ta ta tsaya can, wadda gaɗa ta kawo ta ta biyo ta. Suka biyo ta suna gunaguni.

Aiki mai wuyar shi ne iyaye. Yarinyar nan ta bi gidajen mutanenmu ɗaya bayan ɗaya, ta shiga ta gaishe da uwar gida har ƙasa, ta ce ta zo aron 'yarta daga la'asar zuwa kiran magariba. Ta yi musu alkawari guda. Ta ce za a sa wata sabuwar waƙa a tsakanin kowace waƙa, a kira kowace yarinya ta amsa da ƙarfi, yadda uwarta za ta ji muryarta daga cikin gida ba sai ta fito ba. Wata ta ce mata ke da bakinki bai gama bushewa da nono ba. Wata ta ce sai in uwarki ta yarda. Ta dawo ta tsaya a kaina ta ce duk sun ce sai in na yarda. Na duba, babu sauran wake a gidan da ba a tsince ba. Na ce ta je, amma in na daina jin ta sau ɗaya, an gama.

Ranar farko na jawo tabarma jikin dangar da ke kallon durumin, na ɗora faifai a cinya don kada a ce wani abu. Aka soma tafi. Kusa da kunne haka, sai da tsigar jikina ta tashi, na ji kamar in fita in ce su rage. Suka yi waƙa guda ta gari, sannan na ji jikar Gwaggo ta ɗaga sabuwar. Ba sa kama sunan iyaye, da sana'a suke kira.

'Yar mai ƙosai, kina ina?
Ga ni nan a gindin durumi.
Gaya wa Inna ta juya ƙosai,
Kar ya ƙone tana leƙe.

Amsar farko da ƙyar ta fito, kamar kukan ɗan tsako. Aka ce ba a ji ba, a sake. Ta sake. Daga can gidan mai ƙosai na ji dariyar uwar ta tsallako katanga. Aka kira 'yar mai kitso, aka kira 'yar mai ƙuli-ƙuli, aka kira 'yar mai gajeren haƙuri, wadda uwarta ta leƙo ta ce za ta ci mutuncin wanda ya raɗa mata wannan. Can sai na ji an ce 'yar mai shimfiɗa wa turmi, kina ina. Muryar da ta amsa ban san yarinyar nan tana da ita ba. Murya ce sak, mai tafiya, irin ta kakarta lokacin da ake guɗa a garinmu. Na sunkuyar da kai a kan faifai. Gwaggo tana gefe tana kaɗi, ta ce ƙura ce ta shiga idona ko, in wanke da ruwa.

Akwai wata 'yar kafa a jikin dangar, ta nan nake leƙe. Abin da ya fi ba ni dariya da tausayi shi ne faɗuwar. Yaranmu sun iya tafi nan da nan, sun iya amshi, amma sakin jiki ya gagare su. Yarinya za ta juya baya, ta sanƙare kamar itace, ta waiga, ta sake waigawa, sannan ta zauna a hankali da kanta. 'Yan gari su yi ta ƙyalƙyala dariya. Yarinyar nan ce ta fara saki. Na ga ta rufe ido ta tafi da baya gaba ɗaya, zuciyata ta bi ta, hannuwa suka tare ta suka cilla sama, ta dira tana dariya, ɗankwalinta a ƙasa. Daga nan ta koma bayan layi, duk wadda za ta faɗo daga cikin namu sai ta ce mata ni ce a bayanki, taho. A hankali suka koya, har da ƙanwarta da ba ta kai tsawon taɓarya ba.

Da kaka ta ƙare aka sa jikar Gwaggo a lalle, sai maganar wa za ta karɓi waƙa ta taso. Wasu 'yan gari suka ce ba a ba baƙuwa, balle wadda harshenta na yamma ne, in ta yi magana sai sun kwaikwaya. Amarya ta aiko musu daga ɗaki cewa wadda ta nemo wuri, ta bi gida-gida ta tattaro yara, ita ce mai waƙa, wadda ba ta yarda ba ta zo ta same ta. Ba wadda ta je. Amma na san idonsu yana kanta, suna jira ta yi tuntuɓe.

A ranar da ta fara ba da waƙa ita kaɗai abin ya faru. Ina tuƙa tuwo, ina jin ta tana kira. Ta kira biyu ko uku, sai na ji wata ƙara tana tasowa daga hanyar gabas. Babura ne, da yawa, a guje, suna tahowa tare. Tafi ya tsaya cak. Waƙa ta yanke a tsakiyar baiti.

Ban san lokacin da na bar tukunya ba. Ban ɗauki mayafi ba, ban sa takalmi ba, muciya tana hannuna da tuwo a jikinta. Na faɗa waje a guje, na buɗe baki na ƙwala kira. Sunanta na kira. Sunanta na yanka, da iyakar ƙarfina, a gaban duk wanda ke unguwar.

Ga abin da na tarar. Yaranmu duka suna kwance rub da ciki a ƙasa, hannuwa a kan kai, ba mai motsi. 'Yan gari suna tsaye suna kallonsu, bakinsu a buɗe, ba su gane ba. Baburan kuwa abokan ango ne daga garin Babban Mutum, sun zo gaishe da iyayen amarya, sun sha fararen kaya, suna ta danna oda don murna. 'Yata kaɗai ce a tsaye daga cikin namu, a tsakiyar fili. Da ta ji kiran sai ta waiga hagu, ta waiga dama, tana neman mai kiranta. Ba ta gane muryar ba, don ba ta taɓa jin sunan nan daga bakina ba.

Sauran iyaye suka iso kamar yadda na iso, wannan da ludayi, wannan da jariri a hannu a karkace, mai ƙosai da matsami yana ɗigar mai. Da suka ga babu komai, tsoron bai sauka ba, sai ya koma faɗa. Kowacce ta nufi 'yarta tana cewa tashi mu tafi, dama na faɗa, an gama gaɗa. Wata 'yar gari ta soma dariya ƙasa-ƙasa.

Yarinyar nan ta dube ni. Ta tuna abin da na ce, in na daina jin ta sau ɗaya an gama. Ni ma na tuna. Na san in na kama hannunta yanzu, kowace uwa za ta ja tata, kuma gobe za mu koma tsintar wake, su koma wasan kurame. Zuciyata tana ce mini ja ta ku shige ɗaki ki rufe. Na ga yaran nan a kwance a ƙasa, suna jira a kira su kamar yadda muka koya musu.

Na ce, "Ke, ba ki gama kira ba. Ni ban ji 'yar mai ƙosai ba."

Ta tafa hannu sau ɗaya, ita kaɗai. Ta sake tafawa. Muryar ta fito tana rawa da farko, sannan ta miƙe. 'Yar mai ƙosai, kina ina. Daga ƙasa, fuska a cikin yashi, aka ce ga ni nan a gindin durumi. Yarinyar ta ɗago, ta zauna, ta miƙe tana karkaɗe zane. Wadda ta soma dariyar nan ita ta fara kama tafi, saura suka bi. Haka ta yi ta kiransu, duk wadda aka kira ta amsa ta tashi, har fili ya cika da tsaye. Iyaye suka saki hannuwan da suka riƙe. Samarin nan kuwa, da wani ya raɗa musu dalili, sai suka kashe baburan suka tura su da hannu har ƙofar gidan amarya, da manyan rigunansu, suna ba da haƙuri ga duk wadda suka wuce. Abin da ya fara ba mu dariya ke nan. Muka dubi juna, mai ludayi da mai matsami da ni mai muciya, ba mayafi ba takalmi, muka yi ta dariya har hawaye.

Tuwo dai ya kama a ranar. Gwaggo ta ci shi haka tana santi na gangan. Ta ce ita yau ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, uwa ta kama sunan 'yar fari a bainar jama'a, har awakin dattijo sun ji. Ta ce da a zamaninsu ne sai na yi mako ban fito ba. Na rufe fuska da gefen zane. Maigidana da ya dawo aka ba shi labari, sai murmushi yake yi wa kwanon tuwo.

Yarinyar kuwa sai da muka keɓe wajen wanke-wanke ta matso, tana cuɗa kwano, ta ce ƙasa-ƙasa, "Inna, ashe kin san sunana."

Na ce ta ɗauraye kwanon nan da kyau, akwai sauran miya a bakinsa.

Washegari ta tara 'yan matan kafin a soma, ta kafa musu doka. In an ji babura ba a yanke waƙa. 'Yan gari, da suka san kowa, su duba su ga su wane ne, su saka a cikin amshi yadda na cikin gida za su ji. Tun daga ranar, in ana gaɗa sai ka ji an ce masu dawowa daga kasuwar Zango ne, ko mai kai amarya ne, ko wane ne da buhun taki. Har gulma ta shiga ciki, don yanzu ba saurayin da zai ratsa unguwarmu da yamma uwar budurwarsa ba ta ji a waƙa ba. Maganar baƙuwa kuwa ban sake jin ta ba. In sabbin mutane sun sauka daga wajenmu, don har yanzu ana zuwa, 'yan garin da kansu suke ce mata ga wasu can, je ki aro mana 'yarsu.

Tsoro bai bar ni ba, kada in yi ƙarya. Har yau in babur ya wuce da gudu sai hannuna ya tsaya. La'asar tana yi nake jawo tabarma jikin danga, kuma ba na iya sa gishiri a miya daidai sai na ji an kira 'yar mai shimfiɗa wa turmi ta amsa. Yanzu da yake ita ke kira, sai ta bar kanta a ƙarshe, sauran su haɗa baki su kira ta. Na ce mata ta riƙa sa kanta a farko, ta ce mai waƙa ba ta fara kiran kanta.

Tsumman nan kuwa, wata safiya na neme shi ban gani ba. Na duba bayan randa, na duba ƙarƙashin gado. Can sai ga yarinyar ta shigo daga famfo da bokiti a kai, ta naɗe shi ta yi gammo da shi. Gero yana jira, rana tana yi. Na ajiye turmi a kan ƙasa tsirara na soma daka. Ban yi nisa ba maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga, ta ce wace ce wannan za ta rushe musu ɗaki da sassafe. Gwaggo ta amsa mata daga cikin ɗaki, ta ce mai jiki ne ya warke.